Mafarkin da Aka Niƙa da Dawa

Jikanyata ta zo mini hutu da wayarta, kuma tun safe har yamma wayar nan ba ta yin shiru. Na kasa kunne don in san abin da ke shiga kan yarinyar, domin ni haka Allah ya yi ni, ba na iya ganin abu in kau da kai. Sai na ji yawancin waƙoƙin a kan mafarki suke. Wani saurayi mai murya kamar an matse masa hanci yana cewa ya yi mafarkin wata yarinya, yarinyar ta amsa masa cewa ita ma shi ta gani. Wannan ta ƙare, wata ta shigo, nan ma mafarki, nan ma soyayya. Na ce mata, "Yanzu duk ƙasar nan ba mai mafarkin kura ta biyo shi, ko haƙorinsa ya fita?" Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Kai Kaka, wa zai saurari wannan?" Ban ga laifinta ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai kwana da kwanaki, shi ya sa na nemi takarda, ko da yake karatuna bai wuce aji huɗu ba, ido kuma ya fara gajiya. In na yi kuskure a wani wuri a yafe mini, abin ya daɗe.

Mu ma a zamaninmu an yi waƙar mafarki. Ranar kasuwar Bakori akwai wani mai gurmi da ke zama kusa da masu sayar da igiya, waƙarsa ɗaya ce kullum, wai ya yi mafarki ya zama attajirin auduga, an jera masa motoci, yana miƙa hannu zai karɓi makulli sai jakinsa ya yi kuka ya tashe shi. Maza su yi ta ƙyaƙyatawa kamar ba su taɓa ji ba. A Funtuwa kuma wani mai shago yana da garmaho, in mun je sayen gishiri da kananzir sai mu tsaya nesa muna jin mai goge yana ba da labarin abin da ya gani a barci, har faifan ya gaji muryar ta yi kauri, a sake murɗa masa hannu. Waɗannan duk na maza ne, na nishaɗi. Waƙar mafarkin da nake kewa ba ta taɓa shiga faifai ba. A kan dutsen niƙa ake yin ta.

Ƙauyen da aka kai ni aure yana gefen Ƙarfi, gidaje ne a manne da juna, darnin kara kawai ya raba su. Akwai Musulmi, akwai mu masu zuwa majami'a, akwai waɗanda ke nan a kan addinin kakanni, amma da asuba duk abu ɗaya muke yi. Zakara na yin cara ta biyu za ka ji dutse ɗaya ya fara, gurr, gurr, sai na gidan gaba ya amsa, kafin gari ya yi haske unguwa duka ta ɗauka. Kowane dutse da muryarsa. Ko ido a rufe zan gaya maka wannan na Kande mai daddawa ne, domin da faɗa take niƙa, wancan kuma na amaryar da ba ta saba ba ne, tana yi tana hutawa. Ƙanshin dawar da aka surfa jiya, sanyin ƙasa a gwiwa, kukan 'yan awaki suna jiran dusa. Kuma ba a niƙa da baki a rufe. Macen da ke jin haushin miji a nan take faɗa, mai kewar gidansu a nan take kiran uwarta. Amma idan aka ji wata ta ce, "Dutse, buɗe kunne," sai kowa ta rage hannu, domin an san mafarki ne ya dame ta. Za ta rera shi layi-layi, tana turawa tana jawowa, in ta gama sauran su amsa mata ta kan darni, "Ya niƙu, ya niƙu." Daga nan wata ta fassara, wata ta yi mata tsiya. Tsofaffi suna cewa mafarkin ya bi dawar ya shiga gari, da yamma a tuƙa tuwo, mutanen gida su ci, kowa ya ɗauki ɗan kaɗan, ba sauran mai ɗaukarsa ita kaɗai. Yau injin niƙa ya hutar mana da gwiwa da baya, ba zan yi butulci ba, na gode da shi. Amma je ka tsaya a layin inji ka gani. Mata ashirin da robobinsu, ƙara ta cika kunne, ko gaisuwa sai da hannu. Ina mamakin inda matan yanzu suke kai abin da suka gani a barci.

Ni kuwa da na zo gidan, ban shiga wannan al'ada ba. A makarantar mishan na yi karatuna, maigidana ma Kirista ne, amma mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya, ba ta bar hanyar iyayenta ba har ta koma ga Allah. Wata Lahadi mai bishara ya yi wa'azi a kan barin tsofaffin hanyoyi. Kada in yi masa ƙarya, bai ambaci niƙa ba, bai ambaci waƙa ba. Ni ce na koma gida na zauna ina lissafa wa kaina abin da zai iya zama zunubi, har na kai ga dutse. Tun ina ƙarama haka nake. In na rufe akurkin kaji sai na koma sau uku na duba. In na gaida mutum bai amsa da fara'a ba, ranar ba ni da sukuni. Saboda haka sai na riƙa niƙa da waƙoƙin majami'a. Kande ta leƙo ta kan darni wata safiya ta ce, "Iya, ashe dutsen gidanku ya tuba? To Allah ya sa tuwon ma ya shiga aljanna." Iya ta ce, "Ƙyale mini 'yar boko, garinta ya fi naki laushi."

Shekara ta zagayo na haifi ɗan fari, namiji. Na yi wankan jego a gidanmu na dawo, yaro kuwa tubarkalla, wuyansa har ya yi ninki. Yaran yanzu ba za su gane kunyar ɗan fari ba. Ba ka faɗin sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka a gaban surukai sai ka yi kamar ba ka ji ba har wani ya miƙo maka shi. In an ce ya yi kyau ka sunkuyar da kai. Iya ce mai ikon yi masa rawa, tana ce masa mijinta, tana yi masa gorin bai kawo mata cefane ba. Ni sai dai in shiga ɗaki in saki labule in ƙura masa ido, ina ƙirga numfashinsa.

Yana wata huɗu aka shiga cirar auduga. Kullum muna gona da buhu a gaba, goyo a baya. A cikin kwanakin nan na yi mafarkin. Na ga kaina a gindin wata ɗorawa, na kwance majanyi zan ba shi mama, na juyo da shi gabana, sai na tarar ba yaro, dunƙulen auduga ne fari tas. Ba nauyi, ba kuka. Iska ta zo tana tsinkarsa, ina tarawa tana tsinka, har hannuna ya zama ba komai. Da na farka na taɓa shi na ji ɗuminsa, amma zuciyata ta riga ta fassara wa kanta: farin abu mara nauyi, likkafani ke nan.

Wa zan gaya wa? In faɗa wa Iya da baki, na yi rashin kunya, na nuna ɗan fari ya dame ni. In kai wa dutse, ina tsoron na koma tsohuwar hanya, Allah ya yi fushi ya cika mafarkin. Abin da ya fi ci mini rai kuma, ko da yake ina cewa ban yarda da al'adar ba, wani sashe na zuciyata ya yarda da ita sarai: in na rera, mutuwar nan za ta shiga gari, in tuƙa da hannuna, in ba mutanen gida su ci, ni ma in ci ta bi nono ta koma wa yaron. Kowace ƙofa na duba sai in ga a rufe. Sai na bar shi a cikina. Waƙar majami'ar ma ta ƙi fita. Ina niƙa, ba a jin komai sai dutse. Abinci ya ƙi wucewa, in na kai loma baki sai in ji kamar auduga nake taunawa. Ina ɗaukar tuwona in shiga ɗaki, in fito da shi a ɓoye in zuba wa kaji.

Kwana goma ba su cika ba nono ya fara janyewa. Yaro ya kama ya ja, ya ja, ya saki ya tsala kuka. Ninkin wuyan nan ya ɓace, maɗigarsa ta lotsa har kana ganin tana bugawa. Ni kuma ganin haka sai na ce to, ga shi ya fara, nauyinsa yana tafiya kamar yadda aka nuna mini. Tsoro ya ƙaru, ci ya ƙara raguwa. Maigida ya tambaye ni, "Ke, wai me ke damunki? Wani ya yi miki wani abu a gidan nan?" Na ce ba komai. Ya ɗauke mu a keke har Malumfashi wurin masu magani. Wata ma'aikaciya ta duba yaron ciki da baya, ta buɗe idona da yatsa, ta ce, "Ɗan nan ba shi da ciwo, yunwa ce. Uwar ce ba ta ci. In aka ƙara mako biyu a haka, kada ku ce ban faɗa muku ba." Muka hau keke muka dawo gida.

Iya ta dama mini kunun kanwa mai zafi, ta tsaya a kaina. Na kurɓa sau biyu ya dawo. Ta ɗauki jikanta ta auna shi a tafin hannu, ta ce, "Mijina ya zama kara." Ta juyo gare ni. Ba ta tambaye ni abin da ke damuna ba, domin ta san ba zan iya amsawa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kwana nawa ke nan dutsenki ba ya magana?"

Washegari da asuba na durƙusa a maniƙa, sai na ji motsi. Iya ce ta fito da ƙwaryar dawa. Ta shekara biyar rabonta da niƙa saboda ciwon gwiwa, tsohon dutsenta har kaji sun mai da shi wurin kwana. Ta share shi, ta durƙusa kusa da ni da ƙyar tana nishi. Na ce, "Iya, ku bari in yi." Ko kallona ba ta yi ba. Ta zuba dawa, ta tura, ta jawo, sai ta ɗaga muryar nan tata mai rawa:

"Dutse, buɗe kunne, tsohon kaya na kawo.
Shekarar da na yi goyon fari,
Na ga na sa shi a ƙwarya a bakin rafi,
Na juya ɗibar ruwa, ƙwarya ta bi ruwa,
Ina gudu a gaɓa, ƙafa ta ƙi ɗagawa."

Duwatsun unguwa suka rage sauti ɗaya bayan ɗaya. Ta ci gaba:

"Uku na haifa bayansa, uku na binne,
Ko ɗaya barci bai nuna mini ba.
Na cikin ƙwarya kuwa, ga shi can,
Ya yi gemu, yana goge keke."

Aka amsa daga ko'ina, "Ya niƙu, ya niƙu!" Ni ban taɓa sanin Iya ta binne 'ya'ya uku ba. Ban kuma taɓa jin ta yi maganar maigidana a matsayin ɗa ba, kullum "wancan" take ce masa. Kande ta karɓe daga bayan darni, ta rera cewa ita nata ɗan farin kabewa ya zama a mafarki, ta kai shi kasuwa aka ƙi tayawa, ga shi yau malmala uku ba ta isarsa, da ma an saya. Aka yi dariya. Wata matar malam da ba ta fita ko ƙofar gida ta rera nata daga can nesa, wai shaho ya ɗauke nata. Wata ta ce nata a rijiya ta gan shi. Ashe babu mai goyon da ba ta taɓa rasa ɗanta a barci ba. Ni ina tsammani ni kaɗai aka zaɓa aka nuna wa.

Sai duwatsu suka tsaya cak. Ban taɓa jin unguwar nan ta yi shiru haka da safe ba. Ni ake jira, kowa ta sani, ba wadda ta kira ni.

Na matsa kusa da Iya, na yi magana ƙasa-ƙasa, kaina a sunkuye. "Iya, nawa mugu ne. In na faɗa zai shiga garin, ku ci."

Ta ce, "To da don me ake niƙa shi? Mu nawa ne a gidan nan? Kowa loma ɗaya, ya ƙare. Ni na ci na uwar maigidana, na ci na matan ƙannensa, kin ga na mutu?"

Na ce, "Ina tsoron ko zunubi ne."

Ta ce, "Ni ban san abin da ke cikin Littafinku ba, ke kika yi boko. A ciki an rubuta uwa ta bar ɗanta da yunwa?"

Na ce a'a.

"To tura dutse. Gwiwata ba za ta kai hantsi ba."

Kande ta ɗaga murya, "'Yar boko, ko sai mun kawo miki allo da alli? Daddawata na kan wuta fa!"

Na roƙi Allah a zuciyata, na ce in laifi ne ka ɗora mini ni kaɗai, ka bar yaron. Na zuba dawa. Muryar da ta fito ban san ta ba, siririya kamar ta 'yar akuya:

"Dutse, buɗe kunne, ni ban iya ba.
Na kwance majanyi in ba shi mama,
Na tarar da auduga fara tas,
Ba nauyi, ba kuka.
Iska na tsinka, ina tarawa,
Ina tarawa, iska na tsinka."

Ban kai ƙarshe da kyau ba, kuka ya ci ƙarfina, hawaye na zuba a cikin garin. Amsar da ta zo ta fi ta kullum ƙarfi, har karnuka suka yi haushi. "Ya niƙu, ya niƙu!" Sannan Kande ta ce, "Yau ga sakarci! Wata guda kina cirar auduga tun safe har yamma, me kike so ki gani a barci, raƙumi? Ni da nake kwana da daddawa, in gaya miki abin da nawa ke zama?" Matar malam ta ce in tofa a hagu sau uku in sake gefen kwanciya. Wata tsohuwa ta ce auduga arziki ce, yaron zai sa manyan riguna. Kowa da tata fassarar, ba biyu da suka zo ɗaya. Iya ta miƙo hannu ta kwashe garina ta juye a nata, ta gauraya da yatsu, ta ce, "Ɗaga ni."

Da yamma ita ta tuƙa tuwon da kanta, da miyar kuka. Na zauna a bakin ɗaki ina leƙen kowa. Ta yanki lomar farko ta haɗiye tana kallona, ta ce, "Gishiri ya ɗan yi yawa." Yaran dangi da ke gidan suka ci suka suɗe akushi. Maigida, wanda bai san abin da aka yi ba, domin maza ba sa sa kunne a waƙar niƙa, ya aiko a ƙaro masa. Na jira in ga ko wani zai riƙe ciki. Ba wanda ya riƙe. Sai Iya ta turo mini ƙwarya da ƙafa. Na ci loma ɗaya, ta wuce. Na ci ta biyu. Ban san lokacin da na ga gindin ƙwaryar ba.

Kada in ce daga nan hankalina ya kwanta, ba halina ba ne. Nono bai dawo washegari ba, bai dawo jibi ba. Iya tana ba yaron ruwan koko da cokali, ni kuma tana ɗura mini kunun kanwa safe da yamma kamar mai kiwon tunkiyar Salla. Ranar Lahadi na tsaya bayan sujada na gaya wa matar mai bishara abin da na yi, ina jiran faɗa. Ta saurara har na gama, ta ce, "Yau kin karya kumallo?" Na ce e. Ta ce, "To, a gode wa Ubangiji. Je ki ƙara."

Rana ta huɗu muna gonar auduga, rana ta ɗaga, Iya na zaune a inuwar wani itace da yaron a cinyarta yana ɗan kukansa da ya zama kamar na mage. Na sunkuya zan ciro wani ƙullin auduga, sai na ji ƙirjina ya yi tsam kamar an soka allura, ya yi nauyi. Na duba, gaban rigata ya jiƙe. Na yar da buhun na ruga, na manta da kunya, na manta da mutanen da ke gonar, na fizge shi daga hannun kakarsa. Ya kama. Ya ja sau ɗaya, nono ya zo masa da yawa har ya ƙware, ya yi tari, ya yi fushi, ya sake kamawa da hannu biyu. Na buɗe baki zan yi wa Iya godiya, abin da ban taɓa samun fuskar yi ba. Ta ɗaga mini hannu.

"Yi shiru," in ji ta. "Bari in ji mijina yana haɗiya."

Ta karkato da kunnenta kusa da wuyansa. Muka zauna mu biyu a gindin itacen, ba mai motsi, muna sauraron maƙogwaronsa yana ƙwat, ƙwat, ƙwat, har ya saki don kansa ya yi barci da nono a gefen baki.